Mayar da ƙafar gaba ta mashin tubles: a duba rim kafin a shafa masa gam

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan acaba ne a garin Gidar da ke arewacin Kamaru, ina jigila tsakanin Gidar da Figil, ranar Lahadi kuma nakan kai har kasuwar Pitowa. Mashin ɗina Boxer ne mai rim ɗin waya. Faci ya ishe ni, musamman da rani in na bi hanyar ƙauye. Wani mai faci ya ce zai mayar mini da tayar gaba tubles, wato marar tiyub: ya toshe ramukan wayoyin da gam da roba, ya sa bawul, shi ke nan. Wasu abokan aikina sun yi, sun ce lafiya lau. Shin abin yana yiwuwa? Babu haɗari? In akwai hanyar da ta fi wannan, a taimaka mini da ita."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. In na fahimce ka, tambaya biyu ce ka haɗa: ko rim mai waya zai riƙe iska ba tiyub, da kuma ko ya dace a yi hakan a ƙafar gaba. Ta farko amsarta e, yana riƙewa, na ga waɗanda suka yi wata da watanni ba su sace ba. Ta biyu kuwa, a kan rim ɗin da irin mashin ɗinka yake zuwa da shi, ban ba ka shawara ba. Riƙe iska a rumfar mai faci abu ne mai sauƙi. Abin da ake nema shi ne taya ta zauna daram a kan rim ranar da iska ta ragu kana cikin gudu da fasinja a baya, kuma wannan aikin ƙarfen rim ne, gam ba ya yin sa.

Abin da ya sa ake son tubles

Ba laifinka ba ne da kake sha'awarta, amfaninta a fili yake. In ƙusa ta huda taya mai tiyub, tiyub ɗin ne ke fashewa, sau da yawa ma ya yage, iska kuma ta sami ƙofofi a buɗe: ramin bawul da ramin kowace waya, wanda a yawancin rim talatin da shida ne. Cikin ƙiftawar ido taya ta kwanta. Tubles kuwa an shimfiɗa mata wata roba ta musamman a ciki wadda iska ba ta ratsa ta, bakinta ya fi tauri, yana manne da rim ta kowane gefe. Ƙusa in ta shiga, robar ta kama ta tam, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Sau nawa mutum ke yini da ƙusa a taya bai sani ba sai da safe. Facinta ma ba sai an kwance ƙafa ba, a zare ƙusar, a cusa igiyar faci, a ba da iska. Kuma ba ta zafi kamar mai tiyub, don babu roba biyu da ke gogar juna a ciki. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ake haura digiri 40 a inuwa balle a kan kwalta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ɗan tarihi da nake so ka riƙe, don shi kaɗai ya amsa rabin tambayarka. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya sanar da tayar tubles tun 1947, kafin ƙarshen shekarun 1950 motoci sun rungume ta. Babura kuwa sai da suka jira har ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Honda ta fito da CX500 a 1978 da sabon rim marar waya. Masu son waya da tubles tare sai suka sake ƙirar rim ɗin baki ɗaya: BMW R100GS na 1987 wayoyinsa ta leɓen rim na waje suke ratsawa, ba ta inda iska take ba. Waɗannan kamfanoni suna da gam, suna da tef, sun fi mu sanin su. Da toshe rami kaɗai ya wadatar, da ba su kashe kuɗi wajen ƙera sabon rim ba.

Ɗan tudun da ke cikin rim

Ka sa a cire taya, ka goge rim ɗin, ka bi cikinsa da yatsa daga leɓe zuwa tsakiya. A rim ɗin tiyub za ka ji leɓe, sai ɗan fili a kwance inda bakin taya ke zama, sai ka zarce cikin kwarin tsakiya inda kawunan wayoyi suke. Babu abin da ya tare yatsanka. A rim ɗin da aka ƙera don tubles, kafin ka faɗa kwarin za ka ci karo da ɗan tudu da ya zagaye rim ɗin, gefe da gefe, filin da bakin taya ke zama kuma an ɗan karkata shi, digiri 5, don bakin ya matse. Wannan tudun shi ke ba da ƙarar "tau" ɗin nan da ake ji in ana ba tubles iska, bakin taya ne ya tsallake shi ya zauna. Da zarar ya tsallaka, ko iska ta ƙare ba ya komawa kwari da sauƙi.

Ga gwajin da nake yi wa duk wanda ya zo mini da musu. Na sace iskar ƙafa mai rim ɗin waya, na kwantar da ita a ƙasa, na taka gefen tayar da diddige. Nan take bakin ya zame ya faɗa kwari, wani lokaci ma da babban yatsa ake tura shi. Sai na kawo ƙafar tubles ta gaskiya, na sace iskarta, na ce ya taka. Ya hau da ƙafa biyu ya yi tsalle, ba ta motsa ba, sai an kawo abin matsewa ko an sha wuya da liba. To abin da diddigenka ya yi wa ta farko, shi kwana ko bakin rami zai yi mata in iskarta ta yi ƙasa. In da tiyub a ciki, ko bakin ya ɗan motsa iska tana nan a tiyub. In babu, bakin na ɗagawa iska ta fita gaba ɗaya a lokaci guda, wato abin da ka gudu daga gare shi ya same ka, har ya fi muni.

Rubutun da ke jikin rim ma yana faɗa. In ka ga lamba kawai irin 1.60×17 ko 1.85×18, ko an sa WM a gabanta, galibi na tiyub ne. Na tubles yawanci za ka ga MT, wani lokaci MT H2, kamar MT 2.15×17, wasu har da kalmar TUBELESS a zube a jiki. Amma yatsanka ya fi rubutu gaskiya, musamman a kayan da ke cika kasuwanninmu.

Ƙafar gaba ba ta ɗaukar kuskure

Tayar baya in ta sace a guje, gindin mashin ya yi ta lilo, gabanka ya faɗi, amma in ka sassauta mai a hankali ba ka danne birki ba, galibi kana tsayawa lafiya. Ta gaba in ta kwanta, kan mashin ne ke ƙwacewa daga hannunka. Ita ke juya ka, kuma in ka ja birki nauyinka da na fasinja da na kaya duk kanta suke komawa. A hanyar da ke tsakanin Figil da Garwa, inda manyan motocin siminti da na auduga ke bin bayanka, ba wurin gwada sa'a ba ne.

Sai wani abu da na lura masu mashin ba su cika kula da shi ba. Ka tuna facin da ka yi a bana, nawa ne na gaba, nawa ne na baya? Ƙusa da guntun waya a kwance suke a kan hanya. Tayar gaba ce ke taka su ta tayar da su tsaye, ta baya ta zo ta same su da tsini a sama. Shi ya sa yawancin facin ƙusa na baya ne. Ta gaba abin da ya fi samunta ƙaya ce, ta aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya a hanyoyin ƙauye, sai kuma cizon rim, in ka faɗa rami da ƙarancin iska leɓen rim ya datse tiyub ya bar rami biyu a jere. In damuwarka yawan faci ce, mai yiwuwa ƙafar da kake shirin kashe wa kuɗi ba ita ce mai laifin ba.

Aikin gam da tef

Ba zan ce duk aikin toshe waya shirme ba ne. Akwai kayan da aka yi musamman don haka, kamar na kamfanin Outex na Japan, wasu kuma suna amfani da tef mai kauri na 3M mai lamba 4412N, ko gam ɗin jirgin ruwa irin 3M 5200. Masu manyan babura na yawon duniya suna yi, kuma in rim ɗin alminiyam ne mai ɗan tudun nan, aka wanke shi fes, aka rufe kan kowace waya, aka bar gam ya yi kwanakin da aka rubuta masa kafin a ɗora taya, yana yin aiki. Mafi yawansu ma a ƙafar baya suke tsayawa, don rim ɗin gaba mai inci 21 sau da yawa ba shi da tudun. Akwai kuma wani tsari da ake kira Tubliss, ɗan siririn tiyub mai iska har PSI 100 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne) da ke danne bakin taya a jikin rim, amma masu shi da kansu sun ce na daji ne, ba na kwalta ba.

Wanda ake yi a bakin titi a nan kuwa daban ne. An taɓa kawo mini wata ƙafar gaba da aka yi wa wannan aiki, mai ita yana kukan kullum da safe sai ya ƙara iska. Da muka buɗe, gam ɗin gilashi ne fari aka lafta, aka naɗe shi da yankakken tsohon tiyub. Na sa farce a gefe ɗaya, sai ga shi yana ɗagowa a jere kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinsa ja wur da tsatsa, kawunan wayoyi biyu har sun fara cinyewa. Irin wannan gam mai warin tsami yana fitar da sinadari mai cin ƙarfe lokacin da yake bushewa. Ruwan damina kuma ta wajen waya yake shigowa, ya kwanta ƙarƙashin gam inda ba mai ganinsa.

Ko da gam mai kyau ne, akwai abubuwa da ke yaƙarsa kullum. Waya ba a tsaye take cak ba, tana ɗan motsi duk lokacin da ƙafa ta juya da kaya, balle a gargadar hanyar burji. Juyawar ƙafa a guje tana jan duk abin da aka manna a kwarin rim zuwa waje, wato tana neman ɓamɓare shi. Zafi yana sassauta shi. Babbar matsalar ɗan acaba kuma ita ce ɗaurin waya: rim ɗinka dole ya riƙa zuwa wajen mai ɗaure waya, kuma duk notin da aka murɗa yana iya yaga gam ɗin da ke kansa. Waya ɗaya in ta tsinke, sai an kankare a sake aiki. Ga kuma wurin da aka yi wa rim walda, wanda a rim ɗin ƙarfe mai araha ba kasafai yake zama sumul ba, iska na bi ta nan.

Bawul ma da nasa. Ramin bawul ɗin tiyub kusan milimita 8.3 ne, bawul ɗin roba na tubles irin na mota kuma yana son kusan 11.3. Sai ka ga an kawo abin huji an faɗaɗa ramin a siririn rim, ko an yanko bawul daga tsohon tiyub an ɗaure shi da noti da gam. Akwai bawul ɗin ƙarfe mai noti na milimita 8.3 da aka yi don babur, shi ya kamata a nema.

Game da abokanka da suka ce lafiya lau, ban ƙaryata su ba. Muddin iska a cike take, bakin taya na zaune. Ba a gane aibin aikin sai ranar da ƙaya ta rage iskar a hankali ba a lura ba, aka shiga kwana ko aka daki rami.

Hanyar da na yarda da ita

In kana son tubles a gaba, ka sayi ƙafar alminiyam da aka ƙera don tubles, ka ɗora mata tayar da aka rubuta wa TUBELESS ko TL. Wadda aka rubuta wa TUBE TYPE ko TT ba ta zama ba tiyub ko a wane rim, ba ta da shimfiɗar ciki. Kuma ka kiyaye, ba kowane rim ɗin alminiyam ne na tubles ba. Ƙananan mashina da yawa suna zuwa da rim ɗin alminiyam amma da tiyub a ciki, ba tudu. Kar hasken fenti ya ruɗe ka, sa yatsa.

Ka tafi kasuwa da tsohuwar ƙafarka a hannu, ko a Garwa za ka saya ko a Marwa ko ta Mubi za a kawo maka, a gwada su gefe da gefe. Inci ya zama ɗaya: Boxer da TVS HLX 17 ne, mashinan Sin masu ƙirar Honda CG yawanci 18, kuma ba a musanya su. Kaurin sandar tsakiya da lambar boris su dace. Faɗin cibiyar ƙafar ya shiga tsakanin shakazoba biyu ba tare da an cusa wasu ƙarafa ko an matse ba, taya kuma ta zauna a tsakiya daidai. Kwanon birki ya zama faɗinsa ɗaya da naka, murfinsa ya shiga ramin da ke riƙe shi a jikin shakazoba, don in bai kama ba, ranar da ka ja birki da ƙarfi murfin zai juya da ƙafar. Sai wurin wayar agogon gudu. In aka ce maka "za a ɗan gyara da walda" a kan ɗaya daga cikin waɗannan, ka bar ta. Wanda ya fi sauƙi shi ne ka nemi ƙafar wani samfurin na kamfanin mashin ɗinka wanda ya zo da alminiyam tun asali.

Wajen ɗorawa, ruwan sabulu ake shafa wa bakin taya, ba baƙin mai ba, don mai yana cin roba kuma yana sa taya ta zame a kan rim in an ja birki. A bi kibiyar da ke nuna inda taya ke juyawa. A ba ta iska da injin iska har a ji ƙara ta gefe biyu, amma kar a wuce bar 2.8, wato PSI 40. In ba ta zauna ba a sace, a ƙara sabulu, a sake. Dabarar zuba fetur a ƙyasta ashana don bakin taya ya zauna kuwa, kar ka yarda a yi ta a kan ƙafarka. Akwai siririn layi da ya zagaye taya kusa da baki, ka juya ƙafar ka ga tazararsa da leɓen rim ɗaya ce ko'ina. Sannan a mayar da iska yadda kamfani ya ce, a irin mashin ɗinka wajen bar 1.75 ne a gaba, PSI 25, amma ka duba takardar da ke manne a jikinsa. Ka kuma duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a jikin taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafi bakinta ya bushe, ba ta kama rim da kyau.

Sai dai in gaya maka gaskiya, alminiyam ma da nasa aibin a hanyoyinmu. Rim mai waya in ya daki rami yana lanƙwasa, a buga shi, a ɗaure waya, ka ci gaba da nema, tiyub bai damu da ɗan lanƙwasa ba. Na alminiyam in ya lotsa iska ta fara bi ta wurin, in dukan ya yi yawa ya tsage, kuma ni ba na yarda da waldar ƙafar gaba. Shi ya sa mashinan daji irin Yamaha AG da XTZ har yau da waya suke zuwa. Haka nan in bakin tubles ya sauka a ƙauyen da babu injin iska, famfon hannu da wuya ya zaunar da shi. Don haka mai tubles da ke shiga daji ya riƙa ɗaukar igiyar faci da famfo, da kuma tiyub guda a ƙarƙashin kujera, in ta ɓaci a cire bawul a zura tiyub ɗin a iso gida. Igiyar faci kuma ta kai ka gari ce kawai, musamman a gaba: a buɗe a yi faci ta ciki. Hujin da ke gefen taya, ko wanda ya wuce milimita 6, ba a facinsa.

In aikinka rabi kwalta ne rabi ƙauye

Ga wanda ke bin irin hanyoyinka, sau da yawa shawarata ita ce ya bar rim ɗin wayarsa a gaba ya gyara abin da ke jawo facin. Taya mai kauri wadda ba ta suɗe ba, don ƙaya ta fi ratsa wadda ta cinye. Ana iya ɗora tayar tubles a rim ɗin waya da tiyub a ciki, jikinta ya fi tauri, ko da yake takan ɗan fi zafi. Tiyub mai kauri daidai lambar taya, ba wanda ya sha faci har ba a ganin asalinsa ba. Sabuwar robar da ke rufe kawunan wayoyi, a kankare tsatsa, a goge duk wayar da ta leƙo. A barbaɗa hoda a tiyub kafin a sa. Notin bawul kar a ɗaure shi tam a jikin rim, a bar shi sama kusa da murfi, don in taya ta fara zamewa ka ga bawul ya karkace kafin ya tsinke. Akwai kuma ruwan toshe huji da ake ɗurawa a tiyub, yana maganin ƙananan hujin ƙaya, ba ya maganin yagewa. Sai geji naka na kanka, a auna da safe kafin taya ta yi zafi, don matsa taya da yatsa ba awo ba ne.

Ban ga ƙafarka ba, kuma mashin mai suna ɗaya yakan zo da rim iri-iri gwargwadon shekara da ƙasar da aka shigo da shi, don haka maganata a kan abin da na saba gani ne a ƙananan mashinan haya. In ka cire taya ka tarar da tudun nan a gefe biyu, rim ɗin kuma ba tsatsa ba lotsawa, to maganar toshewa da kayan kirki tana iya tasowa, duk da haka ni da ƙafar baya zan fara. In ka ƙi ji ka yi a gaba, aƙalla a tsoma ƙafar cikin ruwa a duba kan kowace waya da wurin walda da gindin bawul, a bar ta kwana biyu a ga ko geji ya sauka, kuma ka auna ta kowace safiya kafin ka ɗauki fasinjan farko.